Kada A Fitar Da Ni A Karkace

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni ce Inno, mahaifiyarku, a gidanmu na Kurayyat a nan Jidda. Ina cikin hankalina sarai. Ciwon a ƙirji yake, bai hau kai ba, kuma na faɗi haka tun farko ne domin na san akwai wanda zai ji abin da ke ciki ya ce tsufa ne ko ƙarfin magani. 'Yata Ummukulthum ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta sassauta mini kalma ko ɗaya. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Manzonsa ne. Likita ya gama nasa bayanin, ni ma na ji a jikina. Ga abin da nake so.

Na ɗaya. Abin da na bari a raba shi yadda shari'a ta ce, ba shi da yawan da za a yi dogon zama a kansa. Babu mai bina, ba na bin kowa. Keken ɗinkina na riga na ba Ummukulthum tun ina raye. Idan ta ga yana tsallake zare kada ta zarge ni, mahaifinku ne ya sa na ɗinka masa tamfol ɗin mota da shi har na karya allurai ba adadi.

Na biyu. Motar da ke tsakar gida ba gado ba ce, kowa ya cire idonsa a kanta.

Saboda jikokina da suka buɗe ido suka gan ta kamar yadda suka ga tankin ruwa, bari in faɗi asalinta. Tsohuwar motar soja ce ta ɗaukar marasa lafiya. Kakanku na wajen uba, wanda ya tako da ƙafa daga Gobir don aikin Hajji ya zauna a ƙasar nan, irinta ya yi wa hidima yana saurayi, yana wanke ta yana ɗaukar gadon marasa lafiya. Da mahaifinku ya bar aikin gareji, sai ya shiga cikin wasu dattawa masu sa kai, waɗanda ba su da aiki sai tono tsofaffin motocin soja a tashlihi, wato wurin da ake zubar da matattun motoci, su gyara, su kai filin baje koli ranar bikin ƙasa yara su gani. Ba a biyan kowa. Can ya tsinto ta, ba gilashi, ba kujera, kuliyoyi sun haihu a ciki. Aka jawo ta ta babbar ƙofar baya aka girke mini a tsakar gida. Ya ce baƙuwa ce ta 'yan watanni. Jikata Bayan, 'yar Ummukulthum, tana goye a lokacin, yau ga ta tana shirin jami'a. Shi ya sa nake kiran motar Baƙuwa, kuma ba don ƙauna ba.

Ta cinye mini wurin shanya. Tukwanen raihanina sun mutu da baƙin mai. Babbar robar wankina ta koma ta jiƙa kayan inji a fetur. Duk Asabar sai Ammu Abdulelah, shugaban dattawan, ya zo da jama'arsa, har da Dakta Usman na Zariya da ke aikin asibiti a nan, su kewaye ta, su yi gardama kan noti ɗaya har la'asar, ni kuwa ina aikin dafa shayi. A goge tsatsa yau, iskar teku ta dawo da ita kafin wata ya mutu. Na yi ƙorafi har na gaji da jin muryata.

Duk da haka, a gabana mahaifinku ya ce ya ba ƙungiyar ita sadaka, Abdulelah shaida ne. To ba taku ba ce balle ku sayar, ba tawa ba ce balle in raba.

Na uku, kuma saboda shi na sa aka ɗauko takarda: katangar nan.

Musaddiq. Kai ne ɗan farina, tun da na haife ka bakina bai taɓa kama sunanka ba, Babba nake cewa. Yau na kama, ka san ka ƙure ni. Lokacin da mahaifinku yake kwance a asibiti, ka ɗauko mai fenti ya fesa wa Baƙuwa kore mai sheƙi kamar motar amarya, wai don ya dawo ya yi farin ciki. Niyyarka mai kyau ce, na sani. Amma ba ka tambayi kowa ba, kuma mutanen nan sun shafe shekaru suna neman ainihin launinta, ruwan ƙasa mara ƙyalli.

Kai kuma Ɗayyabu, da ka fi kowa sanin launi, ba ka san girman yayanka ba. Ka ɗauki samfefa ka kankare fentin tas a gaban dattawa, kana faɗa musu cewa wasu ba su san bambancin motar soja da ta sayar da askirim ba. Gaskiya ce da kai a kan fenti, a kan komai kuma ban da shi ba ka da ita.

Sai Babba ya yi fushi ya kira magina. Suka ja bulo daga wannan bango zuwa wancan, ya ware sashensa da babbar ƙofar baya, ko 'yar kafa bai bari ba. Ya bar mu da ƙaramar ƙofar lungu, da mota a rufe kamar akuya a garke. Mahaifinku ya dawo daga asibiti bai ga kore ba, bai ga ruwan ƙasa ba. Ƙarfe tsirara ya gani da katanga. Ya tsaya ya dube su, ya shige ɗaki. Bai sake ɗaukar sifana ba har ya bar duniya.

Ku maza kuna cikin hidima ranar da ya rasu, ni ina taga, ni na ga abin da kyau. Tsakanin Baƙuwa da bangon ɗaki hanyar mutum ɗaya ce. Da aka zo fitar da shi zuwa wurin wanka, makara ta ƙi wucewa kwanar ƙofa. Sai da aka karkata ta gefe guda, Dakta Usman ya tallabe shi da hannu biyu kada ya zame, madubin motar ya kama mayafin ya yaye har ƙafafunsa suka fito. Mutumin da bai taɓa fita gidan nan ba hula ba. Kai kuma Babba, sai da ka zagaya ta titi ka biyo lungu kafin ka iso gawar mahaifinka, alhali muna jin kukanka ta bayan bulo. Na ɗauka wannan ranar ta isa ta rushe katangar. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, tana nan, har kun rataya mata igiyar shanya ta kowane gefe.

Na huɗu. Na ji dabarun da kowa ke kawowa don kada ya sauko, kuma ban yarda da ko ɗaya ba. Ɗayyabu yana so a sake kwance motar gunduwa-gunduwa a fitar ta ƙofar lungu, wato aikin shekarun nan duka a mayar da shi cikin kwanduna. Babba ya ce a kira masu wutar yankan ƙarfe a mayar da ita tashlihi a huta. Abdulelah kuwa, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya zo da awo yana lissafin injin ɗaga kaya da zai ɗauke ta ta saman rufina, ina kwance a ƙasa. Maza masu gemu, kowa ya yarda mota ta tashi sama, amma babu mai iya cewa a cire bulo. Halas, in ji Larabawa, shi ke nan, na gaji.

Na biyar. Wannan sashen ba a jira mutuwata. Ummukulthum za ta karanta muku shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'yarta Bayan kuma ta maimaita da Larabci saboda jikokin da Hausarsu ta tsaya a gaisuwa. Washegari Babba zai ɗauki guduma ya yi bugun farko, tunda shi ya gina. Ɗayyabu zai kwashe ɓaraguzai da hannunsa, ba ɗan ƙwadago ba, tunda bakinsa ne ya jawo. Ba na son zaman sulhu, ba na son a tono wa ya fara. Na san wa ya fara, ku biyu ne.

Na shida. Fenti. Ɗayyabu ya haɗa launin, Babba ya riƙe abin fesawa. In ya ɗiga, ya ɗiga. Wanda ya sake ɗaukar samfefa a kan aikin ɗan'uwansa ban yafe wannan ba.

Na bakwai. Injin yana tashi, na ji shi makon jiya da dattawan suka gwada, har kofunan shayina suka yi rawa a kan tire. A fitar da ita ta ƙofar baya a miƙa wa Abdulelah makulli. Ranar baje koli ku je dukanku, da matanku da 'ya'yanku, a mota ɗaya in ta ɗauke ku. A allon da za a kafa a gabanta a sa sunan kakanku da na mahaifinku. Ummukulthum, ke rubuta na mahaifinku, ni ba zan faɗi sunan mijina ba: Mailafiya. Kada a sa nawa, na ba da shayi da roba, ya isa.

Kuma kada wani ya ce don karramawa za a ɗauki gawata a cikin Baƙuwa. Na san ta. Za ta mutu a tsakiyar titi, ku tsaya kuna gardama a kan batir, ni ina ciki ana jiran salla.

Na takwas. Wurin da ta tashi a wanke baƙin man, a mayar da tukwanen raihani. Kada a gina komai a wurin. Ku bar shi fili, yara su riƙa gudu daga wannan ƙofa zuwa waccan, a riƙa shimfiɗa tabarma ɗaya da azumi. Ummukulthum ta gaji da dafa abinci tana rabawa kwano biyu, tana zagayawa ta titi don ta kai wa yayanta. Ku riƙe ta da kyau, ita ce ta riƙe ku duk tsawon wannan shirmen.

Ban da katangar nan, na yafe muku komai, ku ma ku yafe mini faɗana. Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya zuriyarku, Ya sa ku gama da duniya lafiya, Ya jiƙan mahaifinku Ya haskaka kabarinsa. Ku riƙe salla, ku riƙe juna.

Idan Allah Ya ara mini kwana, ina so in ga bayan motar nan ta tagata, in ga ƙurarta ta kwanta. Idan kuma bai ara ba, kun dai ji. Na shigo gidan nan da ƙafata a miƙe, ina amarya, ta babbar ƙofa. Ta nan nake so in fita, a kwance sosai, mayafina a rufe, Babba a dama, Ɗayyabu a hagu, kafaɗunku a jere. Kada a fitar da ni a karkace.

Mahaifiyarku,
Inno