Jinin Zoɓo

Zurmi, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Haidar,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Inna tana gaishe ka, ciwon ƙafar nata da sauƙi.

Mun ga fim ɗin 'yan bindigan da ka shirya, wanda ake nunawa a talabijin. Wallahi Haidar ka ba ni kunya. Kai da aka haifa a garin nan, ina ka taɓa ganin ɓarawon daji da farar shadda, yana Hausar Kano? Matar da aka sace ta yi wata da watanni a daji, amma ta fito da jan-baki raɗau. Bindigar ta katako ce, har fentin yana ɓarewa. Jinin kuwa zoɓo ne, Inna ma da ba ta gani sosai sai da ta gane. Ɗan sandan naka ba ya binciken komai, aikinsa cire tabarau da mayarwa. Abin da ya sa mutane binne 'yan'uwansu, shi ka mayar wasan yara.

Duk wannan da sauƙi. Mijina Armiya'u ya ara maka shagonsa na cajin waya saboda kai ƙanena ne. Ka zaunar da infoman ɓarayi a ciki a matsayin mai shagon, ko allon da ke ɗauke da sunan Armiya'u ba ka sauke ba. Ka san abin da sunan infoma yake jawo wa mutum a nan. Yanzu ba mai kawo caji, a masallaci ma matsawa ake yi daga gefensa. Tsoro nake ji. Ka sa a cire wurin nan, ka fito ka yi wa mutane bayani.

Yayarka,
Uwani

Ƙaura Namoda, ranar Alhamis

Haidar,

Ina gaisuwa, don Inna ta ce in gaishe ka.

Na ji saƙonka, wai mu yi haƙuri, a kashi na ƙarshe za a gane mai shagon ba shi da laifi, wai kar a ɓata wa 'yan kallo daɗin labari. To, samarin unguwa ba su jira kashi na ƙarshe ba. Shekaranjiya suka tare Armiya'u a bakin kasuwa. Daga asibiti nake rubuto maka, har yanzu bai buɗe ido ba.

Rigarsa tana nan ban wanke ba, na ajiye maka. Ka zo ka ga yadda jini yake, tunda ba ka sani ba.

Uwani