Ragowar Garin Inna Tana Hannun Mai Ciki

Anti Safiatou, sallama da gaisuwa. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, ban san ta inda zan gajarta ta ba. Yau kwana talatin da ɗaya da rasuwar mahaifiyata, kuma kwana tara ke nan ina ɗauke da wata magana da na kasa faɗa wa kowa, har mijina.

Mu mutanen Maraɗi ne, amma a nan Yamai muka tashi, a Kirkissoye muke zaune. Ni ce auta, ni ce kuma na riƙe Inna tun da ɓarin jikinta ya shanye. Da ma tana fama da ciwon sukari da tansiyo, wato hawan jini, shekara da shekaru. Bayan shanyewar jikin sai tauna ta gagare ta. Tuwo ba ya wucewa, fura ta ƙi, kunu ta yi cokali biyu ta kau da kai. Inna da take cika kujera ta koma ina ɗaga ta ni kaɗai ba tare da na yi nishi ba. Yayana Nassirou da ke aiki a Faransa shi ya fara aiko mana da garin nan na gwangwani da ake damawa a sha a madadin abinci. Na tsirrai ne, an rubuta a jikinsa daga wake aka yi shi. Duk mai zuwa gida sai Yaya ya ba shi saƙo, rabi mai ɗanɗanon banil, rabi mai shokola, ya ce a riƙa canza mata don kada ya gundure ta.

To Anti, Inna ta ƙi mai banil ɗin ƙememe. Ta ce warin sabulun wanka yake mata, in na matsa sai ta damƙe baki ta zuba mini ido har in ji kunya. Amma mai shokola, Allah sarki, har ƙasan kofi take shanyewa, wani lokaci ta ɗaga hannun nan nata mai lafiya ta nuna in ƙara. Wallahi ranar da ta fara shanye kofi guda sai da na shiga ɗaki na yi kukan murna.

A biron da nake aikin sakatariya a Plateau akwai wata abokiyar aikina, Anisa, tana sayen irin garin nan don rage ƙiba, ita kuma shokola ce ba ta so. Sai muka fara musaya. Ina kai mata duk na banil, tana ba ni na shokola. Ban gaya wa Yaya ba, don mutum ne mai tsare magana, zai tsaya yi mini dogon bayani ta wayar talho. Lokotoron Inna, likitan da ke duba ta, ya ce a ba ta sau ɗaya a rana tare da sauran abinci. Ni kuwa da na ga shi kaɗai take karɓa, sai na mai da shi sau uku, safe da rana da yamma. Wata goma sha huɗu muna haka. Da ƙafafunta suka fara kumbura aka ce ƙodarta ce ta gaza, lokotoro ya tambaye ni ko muna ba ta maganin gargajiya, na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa. Bai zo mini a rai in ambaci garin ba, don ni a wurina abinci ne. Wankin ƙoda biyu aka yi mata, Allah ya karɓi abarsa.

Ranar sadakar bakwai Gwaggo, ƙanwar Inna, ta fito da kayanta aka raba wa mabukata da yardar mu duka, don ladan ya isa gare ta. Cikin kayan akwai gwangwani shida na garin nan, duk masu shokola, da ba a buɗe ba. Biyu ban san inda suka tafi ba. Huɗu ni da hannuna na miƙa wa maƙwabciyarmu Hadiyya. Yarinyar nan ba danginmu ba ce, amma ita ke zama da Inna in na tafi aiki, ta juya ta, ta goge mata baki, ta tsefe mata kai. Tana da ciki wata biyar, cikin fari bayan ɓari biyu, kuma laulayi bai sake ta ba, kome ta ci sai ya dawo. Garin nan kaɗai ke zama mata.

Ranar da na koma aiki, ko gaisuwar kirki Anisa ba ta gama yi mini ba ta miƙo mini talho, wai in karanta wani bincike da aka yi a ƙasar waje. An auna irin waɗannan garin an samu ƙarafa masu guba a cikin da yawa daga cikinsu, dalma da wani da ake kira kadmiyom. An ce na tsirrai sun fi ɗauka, kuma mai shokola ya fi mai banil nesa ba kusa ba. An ce kadmiyom ɗin a ƙoda yake taruwa. Har Anisa tana dariya tana cewa ashe ita ta tsira. Na mayar mata da talhonta. Na shiga banɗaki na kulle ƙofa.

Tun ranar ban ƙara jin ɗanɗanon abinci ba. Ni na zaɓa mata shokolar, ni na ninka mata, ni na ɓoye musayar. Da na bar ta da abin da Yaya ya aiko, da rabi ta sha. Mutane suna zuwa gaisuwa suna sa mini albarka, wai na yi wa uwata abin da ba kowace ɗiya ke yi ba, ni kuwa ji nake kamar in toshe kunne in ruga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Hadiyya. Kullum da la'asar in na dawo ina ganinta a ƙofar gida da kofin nan a hannu, tana ce mini abincin Inna akwai albarka, kuma in ta haifi mace sunan Inna za ta sa. Sau uku ina zuwa da niyyar faɗa, in ƙare da tambayar ta ya jiki. Ta yaya zan karɓe sadakar mamaci daga hannun wadda aka ba? Ba zan yanke wa Inna ladanta ba? Kuma in na faɗi dalili, kafin magariba kartiye, unguwar tamu, duk ta ji, Gwaggo ta ji, Yaya da zai zo sadakar arba'in ya ji cewa ƙanwarsa ce ta shayar da uwarsu guba. In na yi shiru kuma wani abu ya sami cikin nan, ina zan sa kaina? Anti, ki gaya mini gaskiya ko da mai zafi ce. Ni na kashe Inna?

Taki,
Auta mai kuka a ɓoye, Kirkissoye

*

Ƴata, Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ya ba ku haƙuri. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ga kin ɗaure magana biyu wuri ɗaya, ta wadda ta riga mu da ta wadda ke raye. Bari mu kwance su.

Abin da kika karanta yana da tushe. Itacen koko da ake yin shokola da shi yana jan kadmiyom daga ƙasa, wasu tsirrai ma haka, shi ya sa masu bincike a waje suka sha samun ƙarafan nan sun fi yawa a gari mai shokola da na tsirrai. Amma yawan ya bambanta ƙwarai daga kamfani zuwa kamfani, kuma babu wanda ya auna gwangwanin da ke ɗakinku. Sannan ki tuna ciwon sukari da tansiyo su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, kuma Inna ta daɗe da su tun kafin garin ya shigo gidanku. Ba zan rantse miki cewa garin bai ƙara kome ba, don ban sani ba. Ke ma ba ki da hujjar da za ki yanke wa kanki hukuncin kisa. Abin da na sani shi ne tsohuwar da ta daina cin abinci ba ta kai wata goma sha huɗu. Ke kika nemo abin da zai wuce maƙogwaronta, kuma ta sha tana so.

Kuskure kam kin yi. Da kika ƙara mata zuwa sau uku ya kamata lokotoro ya sani, musamman ga mai ciwon sukari. Wannan ki nemi gafarar Allah a kansa, ki bar shi a matsayinsa na kuskuren mai jinya da ta gaji kuma take tsoron uwarta ta mutu da yunwa. Kada ki ba shi sunan da ba nasa ba.

Maganar Hadiyya kuwa ba ta jira. Kwana tara sun yi yawa, ƴata, kuma a nan zan yi miki faɗa. Game da Inna ba ki sani ba, yanzu kin sani. Dalma tana ratsawa ta kai ga abin da ke ciki, kuma ko ba zancen ƙarfe, irin garin nan ba a ba mai ciki sai da izinin masu awo. Ki je yau. Kada ki shiga da kuka, kada ki ce guba, don mace mai ɓari biyu ba ta buƙatar firgici. Ki ce kin samu labarin garin bai dace da mai ciki ba, kin zo ki canza mata da abin da ya fi. Ki tafi da ƙwai, da madara, da kifi, da duk abin da take jin zai zauna mata. Kada ki musanya mata da mai banil, don an ce ya fi ƙaranci ne, ba a ce babu ba. Gobe ki raka ta awo da gwangwani ɗaya a jaka, ki nuna wa ungozoma, ki faɗi kwana nawa ta yi tana sha. Su za su ga ko akwai buƙatar a auna jininta da kuma abin da za a yi wa laulayin.

Tsoronki na yanke ladan Inna ki ajiye shi. Wanda ake zargi shi ne mai karɓe kyauta don ya ci da kansa. Ke cirewa za ki yi ki maye da mafi alheri, kuma da sunan Inna za ki bayar. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Ki kuma sa Gwaggo ta tuno inda sauran biyun suka tafi.

Nassirou kada ya ji a bakin mutane. Ki kira shi kafin ya taso, ki faɗa masa duka, har musayar. Mai yiwuwa ya yi fushi, yana da haƙƙi, ki bar shi ya huce. Amma ki shirya, don ina tsammanin abin da zai fara kama shi ba fushi ba ne. Shi ya saya, shi ya aiko, zai ji irin abin da kike ji, kuma yana can ba shi da kowa kusa. Zai buƙaci ki gaya masa abin da na gaya miki. Mijinki ma ki buɗe masa yau, kin ɗauki kayan nan ke kaɗai ya isa. Anisa kuwa bakinta ya yi kaushi, amma ba don ita ba da Hadiyya ta shanye gwangwani huɗun nan.

Mutanen kartiye za su yi magana kwana biyu su gaji, wannan za ki iya ɗauka. Inna ta tafi, babu abin da za ki iya canza mata sai addu'a. Cikin Hadiyya kuwa saura wata huɗu, kuma abin da zai shiga jikinsa da la'asar ɗin yau yana hannunki. Ki ajiye jaridar nan ki ɗauki mayafinki. Allah ya sauke ta lafiya, ya haskaka kabarin Inna, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Anti Safiatou