Ruwan Zartsin da Dogo Ya Ba Baba

Daga ƙaninka Labbo a Bungudu zuwa ga Yaya Buba a ƙasar Manga. Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Allah ya sa albarka a fataucin kanwa, ya tsare ka da jakunanka. Inna lafiya lau, sai ciwon gwiwa. Matata Jummai ta sauka, an samu mace, sunanta Zainabu.

Bayan haka, Yaya, lambun Baba na bakin gulbi ya fita hannunmu. Ka san ƙugu ya hana Baba jan jigo, ni kuma bara da rani ina Gusau wajen dakon auduga. Sai Dogo, maƙwabcinmu na tudu, ya zo yana washe baki, wai don me tsoho zai wahala, ga ruwa na tsiyayowa daga fangalinsa a banza, bari ya yanko masa hanya. Baba har addu'a ya yi masa! Alhali rijiyar Dogo zartsi ce, ruwanta gishiri ne, kuma ya sani sarai. Albasa ta yi ja ta kwanta, ƙasa ta yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Baba ya lashi ƙasar da harshensa, ya koma gida.

Munafukin bai tsaya nan ba. Ya je wurin mai gari ya ce fili ya mutu, masu shi sun yar, a ba shi. Aka ba shi. Damina ta wanke gishirin tas, yau ga albasarsa kore shar a inda aka haife mu muka tarar da Baba yana ban ruwa. Baba ko kasuwa za shi, sai ya kewaye hanyar.

Wallahi ban yafe ba. Na ari ɗan filin maƙwabcinmu Arzika na gabas, wanda ruwansa ke tsatsafawa cikin lambun. Kullum ina gaishe da Dogo har da rusunawa. Inna ta ce in bar wa Allah, na ce mata to. Na san ƙasar Baba zan kashe, na yi kukana na gama. Amma Dogo ba zai ci albasar nan ba.

Baba da Inna na sa maka albarka, Jummai na gaishe ka. Ka gaishe da Kawu Adamu da matarka Hanatu. Ayarin da zai fara tasowa, ka aiko mini da kanwa kayan jaki biyu, mai zafin nan. In Inna ta tambaya, ta shanu ce.

Wassalam, ƙaninka Labbo.