Kwandastar Kaka

Osaka, 12 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Fumika,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya karatu, yaya sanyin Sendai? Mama tana gaishe ki.

Yaya, an tsai da magana. Ƙarshen Yuni za a kai Kaka gidan kula da tsofaffi, don mantuwar ta yi yawa. Jiya ya dube ni ya ce, “Ke 'yar gidan wa ce?” Na je na wanke kofunan da na riga na wanke.

Amma na lura da wani abu. In ya zauna bakin taga, hannunsa na hagu yana jan wani abu a iska, na dama yana murzawa a hankali. Tuƙi yake yi, Yaya. Har yanzu yana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasan nan da ya tuƙa shekara talatin da ɗaya.

A makaranta muna da manhajar koyon tuƙin jirgi, sai dai ɗakin direbanta na zamani ne, mai mariƙi ɗaya. Malama Hoshino ta yarda in zana tsohon ɗakin a ciki, daga hotunan Kaka. Ta kuma taya ni haɗa akwatin katako mai mariƙi biyu, na gudu a hagu, na birki a dama. Ina so ya tuƙa ko sau ɗaya kafin ya bar gida. Kada ki gaya wa kowa, kunya nake ji.

Ƙanwarki,
Chizuru

9 ga Yuni

Yaya Fumika,

Ina gaishe ki, da fatan murar ta sake ki. Nan damina ta kankama, wanki ba ya bushewa.

Na gama. Allurar iskar birki tana rawa kamar ta gaske, fitilun ɗakin rawaya ne masu dishi-dishi, ramin yana lanƙwasa har sai ya ɓace cikin duhu. Wani lokaci a aji nakan rufe ido in ga kaina ina bin ramin, tashoshi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗakunan da aka manta da fitila a kunne.

Ranar Lahadi na ɗora akwatin da kwamfuta kan teburin cin abinci. Kaka ya zauna, ya miƙe baya, har ya nemi farar safar hannunsa. Ya nuna koriyar fitilar ba da hanya da yatsa, ya dafa mariƙan biyu. Daga nan bai sake motsi ba. Minti ashirin yana kallon ramin. Mama ta ce, “Chizuru, ƙyale shi, tuƙin ma ya manta.” Na kwashe kayan, na shiga bayi na buɗe famfo don kada a ji ni.

Na sake duba hotunan, ban ga abin da na ɓata ba. Saura mako uku.

Taki,
Chizuru

23 ga Yuni

Yayata,

Gaisuwa da kewa. Ina fata jarrabawa ta zo da sauƙi.

Kin san ba na iya yi wa baƙo magana. To na je gidan tarihin jiragen ƙasa, inda tsofaffin ma'aikata suke yi wa mutane bayani. Sau uku ina zagaya wani tsoho mai suna Uemura kafin ya ce, “'Yar nan, ko ki yi tambaya ko ki biya ni kuɗin kallo.” Na ba shi labari kaina a ƙasa. Ya yi dariya har da tari.

“Wa ya buga masa ƙararrawa?”

Na ce wace ƙararrawa.

“Kin gina gaban jirgi kin manta bayansa. A zamaninmu direba ba ya tashi sai kwandasta ya rufe ƙofofi ya buga sau biyu. Ko tashar ce take cin wuta, jira zai yi. Kakanki bai manta ba, ke ce kika bar shi a tsaye.”

Na kwance ƙararrawar kekenki, ki yafe ni. Da Kaka ya zauna gaban akwatin, na koma can ƙarshen baranda inda ba ya ganina, na buga sau biyu.

Yaya, sai na ji mariƙin ya yi ƙas, ƙas, ƙas. Na leƙa. Fitilun ramin suna wucewa a kan gilashin idonsa, Mama tana tsaye da ludayi a hannu, miya tana ɗiga. Ya tsaya daidai kan alama a tasha ta farko, ya jira. Na sake bugawa. Tasha goma sha biyu muka yi, ni da shi, ruwa yana sauka a waje.

A ta ƙarshe ya cire safar, ya ninke, ya juyo.

“Kwandasta, kin yi nawa a tasha ta huɗu. Sabuwa ce ke?”

Na ce e.

“Za ki iya. Gobe ma ke ce a baya?”

Na ce ni ce.

Bai san sunana ba har yanzu. Asabar za a kai shi, kuma gidan sun ce in kawo akwatin duk Lahadi. In kin zo hutu, ki zauna a tsakiya, ba mu da fasinja.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Chizuru