Leshin Katin Bikin Muhibba

Lugbe, Abuja

Zuwa ga Gwaggona Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafa, ya mutanen Jiwa? Tunda kin ce waya na sa miki ƙaiƙayin kunne, ga takarda na ba Zacharias direba ya kawo miki.

Gwaggo, bikina ya matso, har yanzu ba ki ce za ki zo ba. Tun rasuwar Umma ke ce uwata, kuma in ba ki tako ba, babu macen da za ta tako a dangi. Na san tsakaninki da teloli, amma wallahi Salisu, telan da zan aura, daban ne.

Katin gayyata da hannuna nake yi, ina so in liƙa wa kowanne siririn leshi a gefe. Na je kasuwar Wuse, mai shago ya faɗi farashi, sai da na tambaye shi ko har da shagon. Na wuce Nyanya, na wuni a gosulo, na samo mai araha. Ina shafa masa gam ya zubar da kala, katin ya koma kamar an yi kuka a kansa. Ki taya ni da addu'a.

'Yarki,
Muhibba

Jiwa

Muhibba,

Wa'alaikis salam. Ƙafa tana nan yadda kika san ta. A zamaninmu uwar amarya ce ke ɗaura goro da alawa a bakin zani, ta bi gida gida tana gayyata. Ban taɓa jin an ɗinka wa takarda riga ba sai a Abujarku.

Shi telan naki na gwada shi. Na aika masa leshina ruwan hoda mai zanen ganye, leshin da ya ishi mata biyu irina, ya dawo min da riga da zani, wai bai kai ɗankwali ba. Ni dai ban ƙara ƙiba ba. Maganar zuwana kuma ina nan ina tunani.

Ki gaida Mariya maƙwabciyarki. Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki

Lugbe, Abuja

Gwaggona,

Gaisuwa da fatan alheri. Addu'arki ta ci! Na kai wa Salisu kukana, sai ya yi dariya ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin teburin yanka. Gwaggo, gefen leshi ne fal, kala kala, irin wanda Hajiyoyin Maitama ke sawa. Ya ce in ɗiba son raina, ko sisi. Ina kika taɓa ganin tela mai kyauta haka?

Mun gama katuna ni da Mariya, mun raba wa kwastomominsa da 'yan unguwa. Akwai wani yanki da ya fi duka kyau da yawa, shi na ware wa dangi, na aika gidajen 'yan uwa kaf. Ga naki nan, shi na fi ɓata wa lokaci. Don Allah ki duba shi da kyau.

Taki har kullum,
Muhibba

Jiwa

Muhibba,

Na amsa gaisuwa. Na duba da kyau kamar yadda kika ce. Na ɗauko rigata na shimfiɗa, na ɗora katinki a kai, ganye ya haɗu da ganye.

Ɗankwalina ne. Ashe ya kai, har ya yi ragowar da za a raba wa dangi. Jiya matar Baffanki ta shigo tana yaba min kati, ina kallon ɗankwalina a hannunta tana fifita da shi.

Ki ce wa telanki ina jiran bayani, kuma kada ya ce min leshi shiga ruwa ya yi ya tsuke.

Ikilima

Lugbe, Abuja

Zuwa ga Hajiya Gwaggo, Allah ya ƙara girma,

Assalamu alaikum. Ni ne Salisu tela, ina gaisuwa a durƙushe. Muhibba ta daina min magana, ta ce in ba ki zo ba, ita ma ba za ta zo ba. Ni kuma Gwaggo, ban san yadda ake biki ba amarya ba.

Ba zan yi ƙarya ba. A wajen ogana na koya cewa abin da almakashi ya bari na tela ne. Sai dai na yarda a kan naki almakashin ya bar da yawa.

Ba ke kaɗai kika gane ba. Wata kwastomata, Madam Felicity, ta zo shago da kati a hannun dama, siket a hannun hagu, ta tara min jama'a. Ta ce, "Oga Salisu, kai ya ce leshi bai kai hannu ba, to ga hannun rigana a kan katinka!" Tun ranar ta bayan gida nake shiga shago. Da hannuna na rubuta sunayen waɗanda za a kai wa katin, ban taɓa kawo wa raina cewa mace na gane leshinta ko ya koma faɗin yatsa ba.

Na yanke shawarar bin dangi gida gida in karɓo katunan, in ɓare leshin, in harhaɗa miki ɗankwalinki. Zai yi tabon gam kaɗan, amma in aka iya ɗauri ba mai gani. Buhun kuma na rabu da shi. Ina son Muhibba, ina kuma jin kunyarki ƙwarai. Ki yafe min.

Ɗanki mai ladabi,
Salisu

Jiwa

'Yata Muhibba,

Sallama da gaisuwa. Takardar Salisu ta iso, ki hana shi. Kada ya taɓa kati ko ɗaya.

Ban gaya miki ba, leshin nan na Ummanki ne. Ta saye shi kina 'yar makaranta, ta ce ranar bikinki za ta sa. Shi ya sa na ba da shi ɗinki, don da ma zan zo, ja miki rai kawai nake yi. Abin da ke damuna shi ne ƙafata ba za ta iya bin gidaje in yi miki gayya irin ta uwa ba. Da na huce na sake ɗaukar katin, sai na ga ashe ita Umman taki ta riga ni, ta shiga gidan kowa da leshinta. Na yi kuka, na kuma yi dariya.

Ina nan tafe ranar Laraba da matan dangi. Ki ce wa angon ya sayo yadin ɗankwali mai kyau, amma kada ya sa masa almakashi sai na iso na zauna kusa da shi.

Allah ya sanya alheri.

Gwaggonki,
Ikilima