Rigar da Na Sayo a Bab Makka

Hindawiyya, Jidda
Rajab, 1391

Zuwa ga Innata a Bur Sudan,

Assalamu alaikum. Inna, ina gaishe ki, ina gaida Baba da ƙannena. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Bashira ce ke magana, maƙwabciyata Mastura ke rubutawa, na ce kada ta gyara min komai.

Inna, tsoro nake ji. Watan jikanki Salihu uku, yau kwana huɗu ba ya kama nonon hagu. Nonon ya kumbura ya yi tauri, ga zazzaɓi. Shi kuka, ni kuka. Hajiya, uwar maigidana, ta ce ran Juma'a za ta tara tsofaffi a gwada nonona: a tatsa a ludayi, a jefa tururuwa. In ta fito da rai, halas. In ta mutu, nonon ya lalace, za a kai Salihu Makka wurin Larai matar wan mijina ta shayar da shi. Har yaye fa, Inna. Ni nan, shi can.

Kuma ni na san abin da na yi. Bayan arba'in na je biki unguwar Waziriyya, 'yan matan da aka haifa a nan suka sa ni gaba, wai 'yar Sudan haihuwa ɗaya nono zai kai mata cibiya. Su duk suna sa wata 'yar riga a ciki, sutiyan suke ce mata, mai igiya da maɗauri a baya, daga Bairut ake kawowa. Sai na je kasuwar Bab Makka. Inna, maza ne ke sayarwa! An rataye su a igiya a saman kai kamar kilishi. Mutumin ya tambaye ni lamba nawa. Ni ina na san tana da lamba? Na zaci kamar zani ce, kowa ya ɗaura ta yi masa. Ban ɗaga kai ba na nuna ta kusa, na karɓa na gudu.

Ta matse ni har numfashi, na ce ai haka take aiki. Da ita nake wuni, da ita nake kwana, a zafin Jiddan nan. In zan ba yaro sai na ɗan tura ta sama. Ban bari Hajiya ta gani ba, don ta sha cewa kayan 'yan silima ne, matar kirki sidiriyya take sawa, mai maɓallai har wuya. Ke kuwa da ɗan tofi da zani kika raine mu mu bakwai, nononki bai taɓa ciwo ba.

Yanzu ma tana jikina. Ina tsoron in cire a ga shatarta. Ki yi min addu'a, ki yafe min.

'Yarki,
Bashira

Hindawiyya, Jidda
Sha'aban, 1391

Innata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ban san ko waccan wasiƙar ta iso ba, Mastura ta ce mu aiko wannan maza hankalinki ya kwanta.

Ran Juma'ar tsofaffi uku suka zo suka zauna a tsakar gida. Hajiya ta ja ni ɗaki ta ce in tuɓe. Ba yadda zan yi. Da ta ga rigar, ta ga yadda igiyar ta yanke min fata har da ruwa-ruwa, sai ta miƙe. Na jira zagi. Almakashi ta ɗauko ta datse ta, ta ce min sakarya, ko takalmi ai sai an gwada.

Tana gasa min da ruwan zafi take ba ni labari. Wai ita ma da suka iso daga Kano a ƙafa tana amarya, ta ɗinka sidiriyya a ɓoye don ta yi kama da matan Hijaz, uwar mijinta ta gani ta jefa a murhu, ta ce rigar marasa kunya ce. Inna, sidiriyyar nan da take yabo!

Sannan ta tatsa, muka fito, aka jefa tururuwa. Ina kusa, na gani da idona: ta juya sau biyu ta tsaya cik. Sai Hajiya ta karkata ludayin ta bai wa tsofaffin baya, ta sa ɗan yatsa ta fisge tururuwar ƙasa, ta take, ta ce ga ta can ta gudu, yalla, maza a kawo shayi. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce ita ba ta gani ba. Hajiya ta ce dama yaushe rabon idonta da gani.

Da suka tafi ita da kanta ta kai ni asibiti. Likitar mace ce, 'yar Masar. Ta ce matsewa ce ta toshe hanyar nonon, ta yi min allura, ta ce in ci gaba da ba shi ko da zafi. Kwana biyar ina cizon zani. Yanzu ya saki. In Mastura ta ɓata rubutu laifin Salihu ne, yana kan na hagun yana harbin hannunta.

Maganar tururuwar ta tsaya tsakaninmu, ko maigidan bai sani ba. Hajiya ba ta sake tayar da ita ba, ni ma ban yi mata godiya ba, na rasa ta inda zan fara. Jiya dai na wanke mata ƙafa na sa mata lalle.

A gaida Baba da kowa.

'Yarki,
Bashira