Idon Mama Ƙalau, Notin Ne Na Ɗaure

Narayi, Kaduna
14 ga Yuli, 2016

Yaya Rebecca,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina fatan ke da maigida da yara kuna lafiya, Allah ya ƙara muku ƙarfi, ya tsare ku a wannan ruwan na Fatakwal da ba ya hutawa. Mu nan lafiya lau. Matata Blessing ta warke daga zazzaɓin, har ta koma shago, masarar bayan gida kuma ta fara bunni. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya ba kya bari mutum ya kai ƙarshen magana, wannan maganar kuwa sai an ji ta har ƙarshe.

Na san kin gyara wa Mama ɗaki, kin kuma ce Sam, ƙanen maigidanki, zai zo ya tafi da ita ƙarshen wata. Ki dakatar da shi. Kin san shekara goma sha tara ke nan Mamanmu Edith ke buga satifiket na baftisma da na aure a cocinmu, da tafiretar lantarkin nan da ta fito da ita daga masaƙa. Katin yana da kauri, layukansa a buge suke tun daga hedikwata, firinta ba ta dacewa da su, shi ya sa har yau ba a rabu da tafiretar ba. Ribin ɗinta, wato ƙyallen tawadar, ya kwana biyu, tawadar ta yi fari, sai Mama ta saba buga kowane harafi sau biyu: ta buga, ta danna maɓallin komawa baya, ta sake bugawa a kansa domin ya fito baƙi. Tun bayan Ista sai sunaye suka fara fita a cakuɗe, harafi a kan harafi. Kati biyar suka lalace, har da na auren ɗiyar wani dattijo. Dattawan coci suka ce idon Mama ya gaji, suka soma shirin yi mata sallama da turmin atamfa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita ma ta yarda, har ta raba kajinta ga maƙwabta.

Ranar Litinin na kai mata shinkafa ofishin coci, na tarar tana gwaji a farar takarda, ta kusa manna hancinta a jiki. Na tsaya a bayanta ina kallon yatsunta, ban ga inda suka kuskure ba. Kunnena ne ya kama abin. Mai gyaran keken ɗinki shekara ashirin ya san ƙarar ƙarfe idan ya tsallake haƙori. Na roƙe ta ta tashi, na ɗauko allin tela daga aljihu na yi alama inda kan injin yake tsaye. Na matsa gaba sau goma, na komo baya sau goma. Ya kamata ya tsaya a kan alamar, sai ya wuce ta da uku. Na maimaita, ya wuce da biyu. Wato wani lokaci taki ɗaya yake komawa, wani lokaci biyu, babu idon da zai iya da wannan.

Na cire wuta, na kwantar da tafiretar, na buɗe ƙasa. Akwai wani siririn sandan ƙarfe da ke jan ɗan ƙugiya, ƙugiyar ce ke kama haƙoran ta ja kan injin baya. Tsawon jan yana hannun noti biyu da ke jikin sandan. Da na ga notin nan, Yaya, sai na gane aikin hannuna. Satin Ista Mama ta ce in share mata ƙura in sa mai. Na ga noti kamar ya yi sako-sako, mu kuwa a sana'armu ba ma ganin noti a kwance mu wuce, sai na ɗaure shi tam har ina yaba wa kaina. Ashe da gangan aka bar shi a wurin.

Gyaran bai ba ni tsoro ba, haƙuri kawai yake so. Na sassauta da yawa a karon farko, maɓallin ya yi ƙara amma ko motsi babu. Daga nan na riƙa juyawa kaɗan-kaɗan, kwatar zagaye, in rufe, in sa wuta, in gwada da alli. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, muka zauna muna jira har ƙarfe uku. A gwaji na bakwai ya tsaya cak a kan alamar. Na gwada daga farkon layi, da tsakiya, da ƙarshe, na kai hamsin, bai tsallake ko ɗaya ba. Na ɗaure noti na biyu a kansa, na ɗiga masa jan farcen Blessing domin ko ni in na sake zuwa da karambani in ga ja in tsaya.

Sannan na faɗa mata gaskiya. Na yi zaton za ta yi faɗa, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce wata uku tana roƙon Allah ya bar mata ko rabin gani ne, tana tafiya a hanya tana ƙirga allunan da take iya karantawa. Ta ce ba ta riƙe ni a zuciya ba, amma in zauna in rubuta miki da hannuna wanda ya yi laifin, kada ta ji an ce inji ne kawai. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma ga shi na rubuta. Ni ne.

Washegari ta sa Fasto ya kawo sababbin kati biyar, ta buge su a gabansa da dattawa biyu, ko ɗigo bai kauce ba. Da ƙafarta ta kai wa kowane gida nasa. Dattijon da ya fi kowa surutu ya ce ai shi dama bai taɓa shakka ba, Mama ta dube shi ta saman tabarau har ya tuna yana da wani uzuri. Ta ce in gaya miki ta gode da ɗakin, za ta zo ta kwana a cikinsa da Kirsimeti, mako biyu, kuma Sam ya sayi tikitin dawowa tun kafin ta taso, domin akwai aure uku a watan Janairu.

Ki gaishe mini da maigida, da Emma, da Tracy, ki ce wa Harrison kawunsa yana jiran sakamakon jarrabawa. Blessing da Vicky suna gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu cikin salama.

Ƙanenki,
Filibus